Soja a Bakin Titi: Ina Ikonsa Ya Tsaya?

Wasiƙun da suka shigo filin shari'a na wannan fitowar yawancinsu daga Jos suke, kuma duk a kan abu ɗaya: abin da soja zai iya yi wa farar hula da abin da doka ta hana shi. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana sarin dankalin turawa daga Bokkos yana kawowa Farar Gada. Wani dillali yana bin sa kuɗin buhu arba'in, kasuwa ta faɗi bai cika alkawari ba. Ranar Talata sai ga mutumin da masu kaki biyu, suka ɗauke shi daga rumfa. Yau kwana huɗu ba mu sa shi a ido ba, an ce sai mun kai kuɗin. Shin soja na da hurumin karɓar bashi? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba shi da shi ko kaɗan. Bar ta soja, ko ɗan sanda da aikinsa ne kama masu laifi ba a yarda ya tsare mutum saboda bashi ba. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin ciniki, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hakan, Filato kuma tana da tata dokar mai wannan tsarin tun 2018. Wanda yake bin bashi kotu zai je ya shigar da ƙara.

Kwana huɗun ma laifi ne mai zaman kansa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kwana biyu idan babu. A cikin Jos ba inda za a tsare mutum a ce kotu ta yi nisan kilomita 40. Wannan ƙa'idar lokaci tana da togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma a shari'ar ta'addanci kotu na iya ba da izinin tsarewa mai tsawo, amma kuɗin dankali bai shiga ko ɗaya ba.

Abin yi yanzu. Ku fara da gano inda yake: wane sansani, wane shinge, wace mota ta ɗauke shi. Maƙwabtan rumfa su ne shaidunku, a rubuta abin da kowa ya gani tun bai manta ba, da ranar da lokacin, da lambar mota ko sunan da ke ƙirjin kaki idan wani ya lura. Sai ku kai rahoto caji ofis ɗin unguwar, ku tabbatar an shigar a littafi. Mutane suna raina wannan matakin don suna ganin DPO ba zai iya tunkarar soja ba, alhali shi ne takarda ta farko da za ta nuna wa alƙali ranar da aka fara ƙirga. Daga nan lauya ya rubuta wa kwamandan rundunar, ya nemi a saki yaron ko a miƙa shi ga 'yan sanda, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Irin wannan kamen galibi ƙananan jami'ai ne ke yin sa a bayan idon manyansu, shi ya sa wasiƙa ɗaya takan isa. Ku aika kwafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Jos.

Idan aka yi kunnen uwar shegu da wasiƙar, sai Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya, a ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun sauƙaƙa lamarin: tunda yana tsare, ke ko wani ɗan uwa da ya san abin da ya faru zai iya yin takardar rantsuwa a madadinsa, kuma lauya na iya roƙon a saurara da gaggawa a ba da umarnin kawo shi. A sa sunan dillalin cikin waɗanda ake ƙara, domin wanda ya gayyato masu kaki kan bashi shi ma kotu kan ɗora masa diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Abubuwa biyu ne kan ɓata irin wannan shari'a. Na ɗaya, a tsorata a sa hannu a takardar alkawarin biya a cikin gadurum, ko a miƙa kuɗi ba rasit ba shaida. Na biyu, dillali ya ga ƙasa ta zame masa ya juya maganar ta koma zamba ko cin amana, waɗanda laifuka ne a dokar hukunta laifuka ta final kod. Maganin wannan shi ne ku tattara duk abin da ke nuna ciniki ne na yau da gobe: littafin bashi, saƙonnin waya, shaidar kuɗin da aka taɓa turawa. Kuma idan aka ce wani ɗan uwa ya zo ya zauna a madadinsa, kada a yarda. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta kama wani a maimakon wani.

Tambaya: Tun ina makarantar firamare nake ganin sojoji a mahadar hanyoyin garin nan, yanzu har na yi aure. Wa ya kawo su, kuma wace doka ta ba su aikin 'yan sanda? Gwamna zai iya ce musu su koma bariki? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne. Bayan rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 an fito da sojoji, amma zaman dindindin ya fara ne a 2010, lokacin da aka kafa rundunar haɗin gwiwa da mutanen Jos suka sani da STF ko Operation Safe Haven. A cikinta akwai sojan ƙasa da na sama da na ruwa, da 'yan sanda da sibil difens.

Tushen ikon yana sashe na 217 na kundin tsarin mulki. Aikin soja na asali kare ƙasa ne daga harin waje da tsare iyakokinta. Sai aka ƙara da murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula su dawo da doka da oda, bisa sharaɗi biyu: Shugaban Ƙasa ne zai kira su, kuma za su yi aikin ne bisa ƙa'idojin da Majalisar Tarayya ta shimfiɗa a doka. Kalmar da ya kamata ka riƙe ita ce taimakawa. Wanda aka kira gayya ya zo ya yi noma ne, gonar tana nan hannun mai ita. Kula da doka a cikin gari, binciken laifi da kai mutum kotu, na 'yan sanda ne. Soja a titi zai iya tsayar da tarzoma, ya kare rayuka, ya kama wanda ya gani yana aikata laifi ko yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa, sannan ya miƙa shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗi na biyu. Gwamnati takan dogara da sashe na 218, wanda ya ba Shugaban Ƙasa ikon yanke yadda za a yi amfani da rundunonin, da sashe na 8 na Dokar Sojoji, wanda ya ce wannan ya haɗa da tabbatar da tsaron jama'a a cikin gida. Sai dai sashen bai faɗi tsawon lokacin da aikin zai ɗauka ba, bai faɗi wanda zai riƙa duba shi ba, bai tsara yadda za a yi da wanda aka kama ba. A ganinmu wannan giɓin ne ya sa abin da aka kawo na wucin gadi ya shekara goma sha, kuma nauyin cike shi yana wuyan 'yan majalisar da muke zaɓa.

Gwamna kuwa ba ya ba soja umarni. Ko kwamishinan 'yan sanda, sashe na 215 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar cewa a fara miƙa umarnin gwamna ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Gwamna zai iya roƙo, ya ba da motoci da mai, ya jagoranci taron tsaro na jiha, amma janye soja daga Abuja yake fitowa. Kada kuma a haɗa wannan da dokar ta-ɓaci ta sashe na 305, irin wadda Obasanjo ya sa a Mayun 2004 ya dakatar da Joshua Dariye na wata shida, ko ta ƙarshen Disambar 2011 da ta shafi Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Barikin Ladi da Riyom. Dokar ta-ɓaci sai majalisa ta amince, kuma tana da wa'adi.

Tambaya: Ina tuƙa Keke Napep. A wani shinge an tambaye ni katin ɗan ƙasa, na ce na bar shi gida. Aka karɓi wayata aka yi ta duba hotuna, sannan aka sa ni tsallen kwaɗo a gaban fasinjoji. Me doka ta ce? Daga wani mai karatu a Rikkos.

Amsa: Allah ya ba ka haƙuri, ɗan uwa. Tsayar da kai da leƙa cikin keken ba laifi ba ne a wurin da ake aikin tsaro, musamman idan ana neman makamai. Sauran ukun kuwa ba su da madogara.

Rashin kati a aljihu ba dalilin hukunci ba ne. A 2019 rundunar soja ta shirya wani aiki na neman katin shaida daga matafiya a faɗin ƙasa, lauya Femi Falana ya kai ƙara, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce soja ba shi da wannan ikon. Waya kuma sirrinka ce, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare ta tare da gida da wasiƙu, don haka buɗe ta na buƙatar dalilin da doka ta sani, ba kallon fuska ko askin kai ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta fito fili ta ce shekaru da sutura da irin gyaran gashi ba sa zama hujjar zargi.

Gwale-gwale shi ne mafi muni. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan adam, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma ta ce umarnin na gaba ba uzuri ba ne. Ko da mutum ya yi laifi, alƙali ne ke yanke hukunci.

Duk da haka kada ka yi gardamar doka da mai bindiga a bakin shinge. Kashe injin, kunna fitilar ciki idan dare ne, bar hannuwanka a inda ake gani, kada ka ɗaga waya da sunan ɗaukar hoto. Riƙe wurin da lokacin a kanka, ka karɓi lambar fasinja ɗaya ko biyu da suka yarda su yi shaida. Idan an ji maka ciwo, je asibitin gwamnati a ranar, a rubuta rahoton likita kafin kumburi ya sace. Rundunar sojan ƙasa ta buɗe teburin koken haƙƙin ɗan adam tun 2016, kuma hedikwatar Runduna ta 3 tana Rukuba. Koken da ya fito ta hannun ƙungiyar masu keke, da sa hannun mutum goma da kwanakin kowa, ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Tambaya: Idan aka sa dokar hana fita, soja zai iya harbin wanda ya fito? Kuma za a iya kai farar hula kotun soja? Daga wani dattijo a Nasarawa Gwong.

Amsa: Baba, fitowa kawai ba ta halatta jini. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda da ƙarfin da zai iya kai ga kisa ne a wurare uku: kare rai ko dukiya daga hari, kama mai laifi ko hana shi tserewa, da kwantar da tarzoma ko tawaye, kuma ko a nan sai gwargwadon abin da ya zama dole. Wanda ya fito neman magani ko kai mai naƙuda asibiti, iyakarsa a tsayar da shi a tambaye shi, in ta kama a miƙa shi ga 'yan sanda. A Satumbar 2013 jami'an tsaro sun buɗe wuta a wani kango a Apo, Abuja, mutum takwas suka mutu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta bincika, a 2014 ta ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, waɗanda suka ji rauni kuma miliyan 5 kowanne.

Kotun soja ta waɗanda ke ƙarƙashin dokar soja ce, ba ta da hurumi a kan ɗan kasuwa ko manomi. Sojan da ya kashe farar hula ba bisa ƙa'ida ba kuwa, ana iya gurfanar da shi a can ko a kotun gari, kuma wannan ba ya hana iyalin mamacin shigar da tasu ƙarar ta neman diyya a Babbar Kotu.