Amsa: Tsibin ƙasa a cikin ciyawar harabar gida

Ɗan'uwa, ka ce kullum da safe kana tarar da ƴan tsibin ƙasa a ciyawarka, ba ka san mai yi ba. Kafin ka sayi maganin feshi, tsuguna ka duba ɗaya da kyau.

In ƙasar a murɗe take, da damshi, ba rami a sama, kuma tana yawaita bayan ruwan sama ko ban ruwa, to kashin tana ne. Wannan kada ka taɓa ta don Allah. Tana ce ke huda ƙasa iska da ruwa su shiga, kashin nata kuma taki ne. Bari ya bushe, ka baje shi da tsintsiya.

In gari ce lukui, da ƙaramin rami a tsakiya, tururuwa ce. Tsibi babba mai sako-sako, ga kuma kuka da dare? Gyare ke nan.

Wadda nake tsoro ita ce gara. Takan lulluɓe busasshiyar ciyawa da yumɓu. Fasa yumɓun da tsinke. In ka ga fararen ƙwari suna guje-guje, ka duba katakon ƙofofinka da rufin ɗaki tun yau.