Ga ɗan'uwan da ya ce mutanen Suwizalan ba sa son baƙo

Ƙanena, na karanta tambayarka: wata bakwai kana Lozan, maƙwabta ba sa amsa gaisuwa sai da ka, an manna maka takarda a ƙofa, har ka fara tunanin tattarawa ka koma. Shekarata goma sha ɗaya a Firibur, tsakaninmu bai kai awa guda a jirgin ƙasa ba.

Ni ma an taɓa ajiye min irin takardar nan. Tawa a ɗakin wanki ce, can ƙarƙashin bene. Inji ɗaya ne na gidan duka, kowa da ranarsa a jikin jadawali, ni kuwa ban ma san da shi ba. Na zuba kaya ran Talata, ashe ranar wata tsohuwa ce ta hawa na biyu. Da na dawo na tarar an kwashe kayana a jiƙe an jibge cikin kwando, ga 'yar takarda a kai da rubutu tsaf kamar na malamar firamare. Kwana uku ina cin rai. A gida wanda ka yi wa laifi zuwa zai yi ya same ka, ko ya haɗa ka da babba. Su a wurinsu takarda ita ce kunya, gudun kada su tsare ka ido da ido.

Matata ce ta matsa min na ɗauki dabino na je ba da haƙuri. Tsohuwar nan ta zaunar da ni fiye da awa biyu, kuma a bakinta na fara jin cewa danginta ma 'yan ci-rani ne. Bayan daminar 1816 ta lalace, yunwa ta gallabi ƙasar. A 1819 mutum wajen 2,000, da yawansu daga yankin Firibur, suka kama hanyar Birazil, inda Sarkin Fotugal João na shida, mai mulkin Birazil a lokacin, ya yi musu alkawarin gona. Ɗaruruwa sun mutu kafin a isa, wasu tun ana jiran jirgin ruwa a Holan, wasu a teku. Waɗanda suka kai suka kafa garin Nova Friburgo, suka kuma tarar da ƙasar duwatsu mai wuyar noma, da yawa suka sake yin gaba. Haka a 1845 yankin Glarus ya taimaka wa talakawansa da kuɗi suka je Amurka suka kafa New Glarus a jihar Wisconsin. Wasu ƙauyukan ma biyan kuɗin jirgi suka riƙa yi don su rabu da matalautansu. Duba sunayen garuruwan: kowa ya je sai ya raɗa wa wuri sunan gida ya zauna cikin 'yan'uwansa, kamar yadda namu suka kafa zango a Kumasi.

Ba ina wanke mutanen Suwizalan ba ne. Na nemi haya an ce an riga an bayar, bayan kwana biyu abokin aikina ɗan ƙasar ya kira aka ce ya zo ya duba. Italiyawan da suka gina musu hanyoyi da madatsun ruwa sun sha fiye da haka: a lokacin ma'aikacin ci-rani ba shi da izinin kawo iyali, kuma a 1970 saura ƙiris ƙuri'ar rage baƙi ta wuce, kashi 46 cikin ɗari suka goyi baya. Yau kuwa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar baƙi ne.

Abin da ya buɗe min ƙofa Faransanci ne, harshen da aka fi yi a Lozan da Firibur. Kada Turanci ya ruɗe ka don ana fahimtarka a wurin aiki, da shi ba za ka wuce bakin ƙofar kowa ba. Sai ƙungiya: nan zumunci a ƙungiya yake, ta ƙwallo ko ta unguwa. Shekara biyu ina kai ɗana atisaye kafin wani uba ya ce in shigo mu sha shayi.

Ba ka faɗi abin da takardarka ta ƙunsa ba, amma ina zargin shara ce. A Lozan ba a zubar da shara sai a cikin wata farar leda ta musamman mai haraji, wadda ake saya a kanti. Ɗauki hoton takardar ka turo min in fassara maka.