Amsar tambayar Hajiya: lauya, malami, ma'aikacin gwamnati, ana haɗa su?

(An rubuta wannan saƙon murya ne saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya, na ji tambayarki. Kin ce yaron ya gama makarantar lauyoyi ta Bagauda, an rantsar da shi, ya dawo gida, ga gwamnatin jiha ta ba shi koyarwa a sakandare, shi kuma yana so ya kama shago kusa da kotu ya riƙa karɓar shari'a bayan an tashi makaranta. To Allah ya sa albarka. Amma a dakata da kama shagon nan tukuna.

Abin da ya sa, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a tasa ta kansa. Noma kaɗai aka bar masa. Ya yi shinkafa, ya yi kiwo, ba mai ce masa uffan, amma ya buɗe ofishin lauya yana cin albashin gwamnati, wannan ya taka doka. Kuma kalmar ma'aikacin gwamnati ta haɗa har da malamin makarantar gwamnati da ma'aikacin ƙaramar hukuma. Idan aka kai mutum kotun ɗa'ar ma'aikata aka same shi da laifi, ana iya raba shi da aikin, a kuma hana shi riƙe muƙami har shekara 10. Kada a ce ai ƙauye ne, wa zai gani. Wanda zai gani shi ne lauyan da ke ɗaya ɓangaren. Ranar da shari'a ta yi zafi zai miƙe ya ce, ya mai shari'a, wannan da ke tsaye malamin gwamnati ne. Shi ke nan, an bar maganar gona an koma maganar lauya, mai ƙara kuma ya yi asarar kuɗin mota.

Saboda haka sai ya zaɓi wanda zai fara da shi. In aikin gwamnati yake so kuma yana son kotu, ya nemi ma'aikatar shari'a ta jiha ya zama lauyan gwamnati, ko hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda ke tsaya wa marasa hali tun 1976. In koyarwar ce a ransa, digirin lauya kaɗai bai mai da shi malami ba a takarda. Zai ƙara difloma ta ilimi ta bayan digiri, ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. In kuma ofishin kansa yake so, ya buɗe, koyarwa ta zama ta wucin gadi, awa biyu ko uku a mako a kwalejin shari'a irin ta Aminu Kano da ke Kano ko ta Misau. Ko a nan ma ya duba ƙa'idojin lauyoyi, don haɗa aikin da wata sana'a yana buƙatar izini.

Yanzu bari in tsaya a kan ofishin, don nan ne mutane ke ruɗuwa. Lauyan ƙaramin gari ba shari'ar kamfanoni yake ci ba. Abincinsa gado ne, da iyakar gona, da bashin 'yan kasuwa, da beli, da rikicin aure. Wanda bai iya lissafin gado ba, bai san matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, bai san wa ke katange wa daga cin gado ba, alƙalin kotun Musulunci zai kunyata shi a gaban jama'a. Ya koma wajen malamai ya zauna a tabarma ya koya, ba faɗuwa ba ce.

Filaye kuwa su ne uwar rigima. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko da filayen birni, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Amma yawancin cinikin gona a gari, takarda ce guda ta littafin makaranta, mai unguwa ya sa hannu, an rubuta gabas ta yi iyaka da wane, yamma da bishiyar tsamiya. Bayan shekara 20 tsamiyar ta faɗi, wane ya rasu, shaidu sun tsufa. Lauyan kirki kafin ya rubuta yarjejeniya zai je gonar da ƙafarsa, ya kira maƙwabta huɗu, a auna, sannan ya tambaya ko an raba gado. Don sau da yawa babban wa ne ke sayar da abin da ƙannensa mata ke da haƙƙi a ciki.

Sai ƙananan abubuwa masu kashe shari'a. Kuɗin izinin aiki na shekara, a biya kafin ƙarshen Maris. Hatimin ƙungiyar lauyoyi ya kasance a kan takardun da ya shirya. Kuma ya sa hannu da sunansa na kansa, ba sunan ofis ba. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 2007 a shari'ar Okafor da Nweke, takardar da aka sa wa hannu da sunan ofis ba ta da amfani. Kuɗin mutane kuma, diyya ce ko kuɗin fili, asusunsu daban. Da ya zuba su cikin nasa da niyyar zai mayar bayan Sallah, ya kama hanyar kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Maganar samu, Hajiya, kada in ɓoye miki. A garinku kowa ɗan'uwa ne. Wannan kawu, wancan abokin babansa, a gama shari'a a ce Allah ya yi albarka, wani ya aiko da buhun gero bayan kaka. Ya faɗi kuɗinsa tun ranar farko, a rubuta, a ba da wani abu kafin a shiga kotu. Kuma in ɓangarorin biyu duk danginsa ne, ya janye, ya tura su sulhu wajen dagaci.

In kuma ya karɓi aikin gwamnatin, ya cike takardar bayyana kadarori da zarar ya kama aiki, sannan duk bayan shekara 4. Ranar da jama'a suka taso shi takarar majalisa, dole ya ajiye aikin aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ki ce masa ya turo takardar ɗaukar aikin a duba ko cikakken lokaci aka rubuta. Wassalam.