Amsa kan raɗaɗin ƙafa na ciwon sukari

Assalamu alaikum. Malama, kin yi tambaya kan mahaifiyarki mai ciwon sukari, wadda tafin ƙafarta ke raɗaɗi kamar an zuba barkono har barci ya gagare ta. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na daɗe ina fama da wannan lalura a nan Damagaram.

Sukarin da ya jima yana hawa shi ke lalata jijiyoyi, abin yakan fara daga yatsun ƙafafu biyu, kuma ya fi tsananta da dare. Parasitamol ba ya yi masa wani tasiri, diklofenak kuwa yana iya taɓa ƙoda, wadda dama sukarin ke yi wa barazana. Abin da likitoci ke rubutawa shi ne amitriptyline, gabapentin, pregabalin ko duloxetine. Ni amitriptyline aka ba ni, kaɗan da dare. Da farko na sha bushewar baki da nauyin jiki da safe, sai bayan makonni zafin ya lafa, ko da yake bai tafi duka ba. Maganin yakan sa tsofaffi jiri, don haka a bar wa likita zaɓi, kada a saya wajen masu tebur. Idan Hajiya ta daɗe tana shan metformin, wato ƙwayar rage sukari, ki roƙi a auna mata bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan ciwo. Awon HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukari na watannin baya, duk wata 3 shi zai nuna ko shayi da fura mai sukari suna ɓata aikin magani.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutuwar ƙafa, domin wani lokaci zafin yakan ragu ne saboda jijiyar ta daina ji. Na ga dattijon da ya taka rairayin tsakar gida da azahar a watan Afrilu, bai san ya ƙone ba sai da aka ga bororo a tafinsa. Kada Hajiya ta yi tafiya ba takalmi, kada ta miƙa ƙafa kusa da garwashi lokacin hunturu, ruwan ɗumi kuma ki fara gwada shi da gwiwar hannunki. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe a dunduniya kawai. Kada a bari wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho a ƙafa. Ki duba tafin kowace yamma, in kin ga rauni ko kumburi ki kai ta asibiti a ranar.