Wani mai da na gani a ɗakin yarona: shin shi ma wiwi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Yarona mai shekara 19 ya dawo hutu daga makaranta, ina gyara masa ɗaki sai na ga wani abu kamar alƙalami da ake yi wa caji, da ɗan gilashi a jikinsa mai ɗauke da wani mai launin zuma. Akwai kuma wata 'yar kwalba da wani abu mai danƙo a ciki. Da na tambaye shi sai ya ce ba wiwi ba ne tunda ba ya wari, wai kuma a Amurka da Kanada magani ne. Don Allah mene ne wannan abu, yaya ake shan sa, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Siffar da kika kawo ta yi daidai da abin da ake kira tataccen wiwi, wato sinadarin tabar wiwi da aka ware daga ganyenta aka tara shi wuri guda. Abin da ya yi kama da alƙalami sigarin lantarki ne, kuma iri biyu ne suka fi yawa a hannun matasa: akwai mai ruwan nikotin, sinadarin taba sigari, akwai kuma mai man wiwi. Kina iya bambance su da ido. Idan kika juya gilashin kika ga ruwan ya gangaro nan take, ya fi kusa da na nikotin. Idan kuwa ya tsaya da kauri kamar zumar da ta kwana cikin sanyin hunturu, kumfar iskar da ke ciki tana tafiya da kyar, to man wiwi ne mafi rinjaye. Abin da ke cikin 'yar kwalbar kuma ɗan'uwansa ne, kauri kawai ya bambanta su.

Domin a fahimci yadda ake samun sa, sai mu koma ga ita shukar. A jikin furen macen wiwi akwai wasu ƙananan gasu masu ƙyalli kamar raɓa, waɗanda ke fitar da wani danƙo, kuma a cikin wannan danƙo ne mafi yawan sinadarin da ke sa maye yake. Sunansa THC, kuma a shekarar 1964 ne masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware shi suka bayyana tsarinsa a Isra'ila. Mai naɗa ganye ya kunna yana shaƙar wannan sinadari ne haɗe da tarin ganye da kara waɗanda ba su da ƙarfi sosai. Mai tacewa kuwa aikinsa irin na mai ƙuli-ƙuli ne, wadda ke matse mudun gyaɗa ta fitar da mai ta ajiye tunkuza gefe. Man da ya fito kaɗan ne a ido, amma ƙarfin mudun gaba ɗaya yana cikinsa.

Mafi daɗewa a cikin irin waɗannan shi ne hashish, dunƙulen danƙo mai launin ƙasa ko baƙi, wanda aka san tsaunukan Rif na Maroko da Afghanistan da Lebanon da shi. Na zamani kuwa da sinadaran narkarwa ake fitar da su, har da iskar gas irin ta cikin laita, shi ya sa a Amurka aka sha samun gobara da munanan ƙuna a gidajen masu haɗa shi a ɓoye. Wani yakan fito kamar kakin zuma, wani kamar man shanu, wani a daskare yana karyewa kamar gilashi, wani kuma mai ne da ake ɗurawa a sigarin lantarki.

Inda nake so ki tsaya ki lura shi ne ƙarfi. A shekarun 1990, ganyen wiwi da ake kamawa a Amurka THC ɗinsa bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. Irin da ake nomawa yau a ɗakuna na musamman, wanda matasanmu ke kira laud, yakan kai kashi 15 zuwa 20 ko fiye. Tataccen kuwa yakan kasance tsakanin kashi 60 zuwa 90. Mu yi lissafi mai sauƙi. Idan ɗan gilashin nan yana ɗauke da giram 1 na mai mai ƙarfin kashi 80, to akwai miligiram 800 na THC a cikinsa. Naɗi ɗaya na ganye mai nauyin rabin giram da ƙarfin kashi 10 yana da miligiram 50. Ashe ke nan abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya tattara abin da ke cikin naɗi 16, kuma yana shiga aljihun kaftani ba wanda ya sani.

Batun wari da ya kafa hujja da shi ba hujja ba ne. Warin wiwi da kowa ya sani daga wasu sinadarai na daban yake fitowa, da kuma hayaƙin ganyen da ke ƙonewa. Wajen tacewa yawancin masu warin sukan tafi, sannan a zuba ƙamshin mangwaro ko lemo ko na'a-na'a a madadinsu. Na'urar ma ba ƙona man take yi ba, batirinta ne ke zafafa wani siririn ƙarfe har man ya zama tururi, wanda ke bajewa cikin ɗan lokaci ba tare da ya kama tufafi ko labule ba. A ganina wannan ne ya sa abin ya fi naɗin ganye haɗari a gidajenmu, domin a da hancin uwa ko na maƙwabci yakan tona asiri tun abin bai yi nisa ba, kuma yaro sai ya nemi kango ko bayan gari kafin ya sha. Yanzu yana iya zuƙa sau goma a rana a kan katifarsa.

Mai danƙon nan na cikin kwalba ana ɗiban ɗan mitsitsi ne a sa a kan ƙarfe ko gilashin da aka zafafa a shaƙi tururin, kuma mayensa yana bugawa cikin daƙiƙu. Hanya ta uku ita ce cakuɗa man a cikin alewa ko cakulan ko kek, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ta sha kama masu sayar da irin wannan. Wanda aka ci ya fi yaudara, saboda yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin ya fara aiki, sai mutum ya ɗauka bai ji komai ba ya ƙara, daga baya duka su taso masa lokaci guda. Hanta kuma tana juya THC ɗin zuwa wani sinadari mai ƙarfi, har mayen ya kai awa 6 ko fiye. Idan akwai ƙananan yara a gidan, wannan ne abin tsoro na farko, domin yaro ba ya bambance wannan alewa da ta kanti, kuma kaɗan yana iya sa shi barci mai nauyi da raunin numfashi.

A jikin babba, alamomin da aka saba gani su ne jan ido, bushewar baki, saurin bugun zuciya, yawan jin yunwa, da mantuwar abin da aka faɗa yanzun nan. Da ƙarfin ya yi yawa sai firgici ya shigo, mutum ya ji kamar zai mutu ko ana bin sa. Abin da ya fi damun likitocin ƙwaƙwalwa shi ne taɓin hankali, inda matashi zai fara jin muryoyi ko zargin 'yan gida da shirya masa makirci. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a garuruwan Turai da Brazil, ya gano cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin kamuwa da wannan lalura, kuma abin da aka kira mai ƙarfi a binciken shi ne daga kashi 10 zuwa sama. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 19 ba ta gama ginuwa ba, sai wajen shekara 25, kuma haɗarin ya fi yawa idan akwai mai irin wannan ciwo a dangi. A nan Katsina da wuya a fara kai irin wannan yaro asibiti. Sai an ce iska ce ko sammu, an yi watanni ana neman magani, alhali sanadin yana cikin aljihunsa. Addu'a da ruƙya ba sa hana ganin likita. Akwai kuma wani amai mai tsanani da ke dawowa lokaci zuwa lokaci ga masu yawan sha, wanda alamarsa ita ce mutum ya riƙa samun sauƙi idan ya yi wanka da ruwan zafi.

Maganar cewa magani ne tana da ɗan tushe, amma ya ja ta inda ba ta kai ba. A cikin wiwi akwai wani sinadari, CBD, wanda ba ya sa maye, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Epidiolex da aka yi da shi domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu wuyar magani da ke kama yara. Tun 1985 kuma akwai ƙwayar THC da ake ba masu ciwon daji saboda amai. Duk waɗannan likita ne ke rubutawa, da awo, ga ciwo sananne. Kanada ta halatta wiwi ga manya a 2018, amma ta ƙayyade cewa ƙunshi ɗaya na abin ci mai wiwi kada ya wuce miligiram 10 na THC, sai ki gwada wannan da 800 ɗin da muka lissafa ɗazu. Abin da ke zuwa hannun yaranmu kuwa ta ɓoye yake zuwa, ba wanda ya auna shi, kuma kwali mai kyan rubutun Turanci kowa na iya buga shi. A 2019 da farkon 2020 mutane fiye da 2,800 aka kwantar a asibitocin Amurka da ciwon huhu, 68 suka rasu, kuma an danganta yawancin abin da wani man bitamin E da masu sayarwa a ɓoye ke ƙara wa man wiwi domin ya yi auki. Wani lokaci ma ba wiwi ba ne a ciki, sinadaran da aka haɗa a masana'anta ne irin na abin da ake kira kolos ko kolorado, waɗanda ke jawo jijjiga da lalacewar ƙoda, har da mutuwa.

A dokar Najeriya babu bambanci tsakanin ganye da mai. Mallakar kowanne laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke da hurumin kamawa. Ta fuskar addini kuma malamai suna kafa hujja da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Game da abin yi, kada ki tare shi yana cikin maye ko a gaban ƙannensa. Ki nemi lokacin da ya natsu, ki sa mahaifinsa a ciki, ko kawunsa da yake jin nauyinsa, domin ɓoye wa uba irin wannan yakan ƙara wa abin tsawon rai. Abin da ake so a sani uku ne: tun yaushe ya fara, sau nawa yake sha, kuma yana iya barci ba tare da shi ba? Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu har ya kasa bari, adadin kuma yakan kai ɗaya cikin shida ga waɗanda suka fara tun suna samari. Idan ya daina, ki sa ran ganin saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai da rashin cin abinci, waɗanda sukan tsananta a makon farko su lafa bayan kamar mako biyu. Iyaye da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin rashin kunya, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba.

Idan ya kasa bari, ko kika ga yana magana shi kaɗai, ko yana zargin mutane ba dalili, ko yana tari da haki da ciwon ƙirji, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana iya farawa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Babu wata ƙwaya da ke cire sha'awar wiwi kai tsaye. Jinyar ta dogara ne ga zaman ba da shawara a kai a kai, da magance rashin barci ko damuwar da ta tura shi sha tun farko. Ki guji gidajen da ake ɗaure yara da mari da sunan gyaran hali, irin waɗanda 'yan sanda suka buɗe a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019 aka ga halin da yara ke ciki. Ranar zuwa asibiti kada ki ɗauki kayan a jakarki. Ki ɗauki hotonsu da waya, gaba da baya har da rubutun jikin kwalin, ki nuna wa likita, shi zai yanke ko akwai buƙatar gwajin fitsari, wanda ke iya nuna THC har makonni bayan shan ƙarshe ga mai yawan sha.