Amsa ga mai tambaya kan shiga zaman kansiloli

Malam, tun jiya na ga tambayarka: ko talaka zai iya shiga zaman majalisar kansiloli, kuma ko zuwan zai sa a gyara muku kwalbatin da ruwa ya cinye a bakin layinku. Na ga wasu sun ce maka ɓata takalmi ne kawai. Ni na kusa shekara 10 ina sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, har masu gadin sakatariya sun san ƙarar babur ɗina, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Shiga dai za ka iya, ni ba a taɓa korata ba. Wuyar aikin sanin ranar zama. A wajenmu ba a liƙa sanarwa, sai ka saba da akawun majalisa ko masinja ya raɗa maka. Zuwana na farko an ce ƙarfe 10, ba a zauna ba sai bayan azahar. Ba wuta, kowa na fifita da fayil. Aka buɗe da addu'a, aka karanta bayanin zaman baya, shugaban majalisa ya kawo batu uku, duk aka amince ba ko tari. Abin da ya tayar da jijiyar wuya ɗaya ne tak, alawus ɗinsu da ya makara. Kai kuma ɗan kallo kana benci na baya, ba ka da bakin magana.

Sai da na je sau huɗu ko biyar na gane cewa a zauren nan tuwo kawai ake kwashewa, tuƙin an gama shi tuntuni a ofishin ciyaman, tsakaninsa da ma'aji da daraktan ayyuka. Shi ma ciyaman ɗin idan ka matsa masa zai ɗaga yatsa sama ya ce "sai an sahale daga ma'aikata", wato ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha. Tushen abin yana sashe na 162 na tsarin mulkin 1999, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa: kason ƙananan hukumomi 774, wato kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, ta hannun jiha yake bi. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ajiye kantoma a gurbin zaɓaɓɓen shugaba. Mun yi murna ranar, wallahi. Amma a sakatariyarmu yatsan nan bai daina nuna sama ba.

To yanzu ga abin da ya yi mana aiki a kan namu kwalbatin. Shekara guda muna bin kansila da baki, yana cewa "in sha Allahu yana cikin lissafi". Maganar baki ba ta shiga fayil. Da muka gaji, sai muka rubuta takarda shafi ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, magidanta suka jera sunayensu, muka haɗa da hoton ramin da aka ɗauka ranar da aka yi ruwa, da yara 'yan firamare suna tsallakewa a kan katako. Kwafi uku muka yi: na ciyaman, na shugaban majalisa, da namu. Kada ka bar ofishin karɓar wasiƙu sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Wannan hatimin shi ne makaminka. Sau biyu aka ce mana takarda ta ɓata, sau biyu na zaro tawa daga aljihu. Kuma ka kai ta wajen Oktoba, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗin baɗi. Wanda ya zo a tsakiyar damina, amsarsa a shirye take: "ba ya cikin kasafi". Sai bayan haka zuwa zama ya yi amfani, don ranar da kansilanmu ya waiga ya ga mu 15 a benci na baya, da kansa ya miƙe ya karanta takardar. Damina biyu ta wuce kafin a zo da siminti, aikin ma ba wani na a zo a gani ba ne, amma mota tana wucewa.

Mu ma fa da laifinmu. Kansila tun asuba ƙofar gidansa cike: mai suna, mai takardar magani, mai kuɗin makaranta. Mun mayar da shi mai rabon dubu bibbiyu, har shi ma ya ɗauka aikinsa ke nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ga zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kullum cewa yake a da tsoron hukuma ake yi, mu kuma roƙonta muke yi.

Kafin ka sayi ko takarda, bincika hanyar ta waye. Ƙaramar hukuma nata su ne layukan unguwa da magudanan ruwa, kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta da shara, kamar yadda jadawali na 4 na tsarin mulki ya lissafa. Idan titin jiha ne, can ma'aikatar ayyuka za ka nufa. Faɗa min ko kwalbatin a cikin layi yake ko a bakin kwalta, sai in turo maka irin takardar da muka rubuta ka sauya sunan unguwa.