Tambaya da Amsa: Kafin Sola Ta Hau Rufi

Tambaya: Malam, ina shirin ɗora farantan sola guda 10 masu wat 550. Rufina kwano ne, ya kai shekara 18, kuma akwai ɗakin da ke ɗiga idan ruwa ya yi ƙarfi. Mai haɗawar ya ce ba komai, farantan ma za su rufe wurin yoyon. In bar shi ya ɗora?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Faranti ba ya tare yoyo, ɓoye shi yake yi. Ruwan da ya sauka a kan gilashi gangarowa yake, ya zubo ta tsakanin farantai ya koma kan kwano, kuma daga ranar da aka ɗaure su kafinta ba zai ƙara kai hannu wurin ba sai an kwance komai. Masu ƙera farantai galibi garantin shekara 25 suke bayarwa a kan ƙarfin wutarsu. Kwanon da ya ci shekara 18 har ya fara ɗiga, zai ƙara 25 a kai? In ba ka da tabbas, a sauya aƙalla ɓangaren da farantan za su zauna tun yanzu.

Kafin ka yanke shawara, a shiga cikin silin da tsakar rana. A fara kashe tocila a ɗaga kai: duk inda aka ga ɗigon haske kamar tauraro, huda ce. Sannan a kunna a bi katakai ɗaya bayan ɗaya da sukudireba. Lafiyayyen katako ba ya karɓar tsininta. Wanda gara ta ci ko ruwa ya ruɓar, za ka ji ta nutse, wani lokacin gari ya zubo maka a hannu. A lura da baƙin tabo kewaye da ƙusoshi, da hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin katako, da wurin da rafta ta zauna a kan bango. Daga waje kuma a ja baya a kalli tsororuwar rufin. In ta yi ciki a tsakiya, katakon ya gaji.

Mutane sun fi damuwa da nauyi, alhali shi ne mai sauƙi. Faranti mai wat 550 yana kai kilo 27 zuwa 28, tsawonsa kusan mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da 'yan kai. Goma ke nan kusan kilo 280, in an haɗa da ƙarafan ɗauri a haura 300, amma a baje a kan murabba'in mita 26. Wato kilo 12 zuwa 13 a kowane murabba'in mita, wanda lafiyayyen rufi zai ɗauka.

Iska ce abar tsoro. Idan guguwa ta bi ta kan rufi, sama take jan abin da ke kai, kuma ta fi ƙarfi a gefe-gefe da kusurwoyi. Faranti a nan kamar fuka-fuki yake. Saboda haka a bar tazarar aƙalla rabin mita daga bakin rufi da tsororuwa, sannan a duba yadda aka ɗaure raftocin da bango. Inda ƙusa biyu kawai ke riƙe da su, a ƙara ɗaurin ƙarfe, domin farantin da ya riƙe katako gam na iya tashi da katakon gaba ɗaya.

Tambaya: Ni mace ce mai gida sabo, ban daɗe da yin rufi ba. Abin da ke hana ni sa sola shi ne tsoron a huda mini kwano. Babu yadda za a yi ba tare da huji ba?

Amsa: Hajiya, akwai, amma ya danganta da irin kwanon. Wanda ake haɗa bakinsa a tsaye ba tare da ƙusa a fili ba, ana samun maƙalai da ke cizon haɗin, ba a huda komai. Kwano mai tudu da kwari kuwa sai an huda. Kuma huda ba ta kawo yoyo in an yi ta daidai.

Ga abin da za ki sa ido a kai. Noti ya shiga ta tudun kwano, ba ta kwari ba, domin kwarin shi ne hanyar ruwa. Ya ratsa ya kama katako ko ƙarfen da ke ƙasa. Wanda ya kama kwano zalla tamkar ba a ɗaure ba ne, sai dai in an yi amfani da irin maƙalan da aka ƙera don haka. Kowane noti ya zo da washa mai baƙar roba irin wadda rana ba ta cinyewa, a matse har robar ta ɗan baje, a tsaya. Yaran aiki kan ɗauka yawan matsewa shi ne ƙwarewa, sai robar ta tsage, tudun kwanon ya lotsa ya zama ɗan tafki. Gam ɗin silikon kuma ƙari ne a kan roba, ba ya maye gurbinta. Shi kaɗai, rana za ta busar da shi ya saki.

Ƙafafun da ke ɗauke da sandunan alminiyum, waɗanda ma'aikata ke kira reli, ana jera su da tazarar kusan mita ɗaya zuwa 1.2. Notuna su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin baƙin ƙarfe tsirara in ya haɗu da alminiyum da laima, cin juna suke farawa.

Wani ƙaramin abu da ake rainawa: garin ƙarfen da injin huji ke zubarwa. In ba a share shi a ranar ba, raɓa ɗaya ta isa ya yi tsatsa ya manne, bayan 'yan makonni ki ga jajayen ɗigo a kan sabon fenti. A kuma gaya wa ma'aikata su riƙa taka layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa.

Tambaya: Rufina yana da fuska huɗu. Wacce zan zaɓa? Akwai kuma bishiya da tankin ruwa a kusa.

Amsa: Wanda ke arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, fuskar kudu ce tasa, na kudu da ikwaita kuma ya nemi ta arewa. Gabas da yamma suna aiki, da ɗan ragi kawai, kuma ragin na raguwa idan kana kusa da ikwaita ko rufin bai da tsananin gangara. Gangarar kada ta gaza digiri 10, don ruwan sama ya riƙa wanke ƙura maimakon ya tara ta a bakin firam.

Inuwa ta fi fuska muhimmanci. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke kamar sarƙa, kuma yawancin farantai an raba su gida uku. Inuwar reshe ɗaya a kan ƙwaya ɗaya na iya kashe kashi ɗaya bisa uku na farantin, ta kuma rage wa sauran da ke layinsa. Ka duba rufin da ƙarfe 9 na safe, da 12, da 3 na yamma, ka sa alama da alli inda inuwa ta faɗa. Ka tuna rana na sauya hanya: a arewa da ikwaita, a watan Disamba take yin ƙasa-ƙasa ta kudu, inuwa ta yi tsawo. Tanki da eriya a matsar da su kafin aiki. Bishiya kuwa, ka auna ta da girman da za ta yi nan da shekara biyar.

A bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin faranti da kwano don iska ta wuce. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya a sama da haka yana rage kusan kashi 0.35 cikin 100. Farantin da ya kai digiri 65 ya yi asarar kusan kashi 14 ke nan, kuma wanda aka kwantar daf da kwano ya fi saurin kaiwa can.

Tambaya: Ni rufina dekin ne na kankare. Sai a kafa kawai?

Amsa: A fara zuba ruwa a ga inda yake kwanciya, a buɗe magudanai, a toshe tsage, a sabunta shafen da ke hana ruwa ratsawa. Maimakon huda dekin, a zuba 'yan dakalan kankare a kansa a ɗaure ƙafafun a jikinsu, bayan injiniyan gini ya tabbatar zai ɗauki nauyin. A nisanci katangar gefe saboda inuwarta, a kuma ba da tazara tsakanin sahu da sahu don na gaba kada ya rufe na baya.

Tambaya: Rufin gidanmu tsohon asbestos ne. Ya halatta a huda?

Amsa: A'a. Ƙurarsa na jawo mummunar cutar huhu da sankara, wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru da yawa, ga shi yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa ba gargaɗi. Ko dai ƙwararru su cire shi a sa wani rufin, ko a kafa farantan a kan rumfar ƙarfe daban.

Tambaya: Ta ina wayoyi za su sauko?

Amsa: A tsara hanyarsu kafin faranti ɗaya ya hau. Ya fi kyau su bi cikin fayif su zagayo ta ƙarƙashin bakin rufi su shiga ta bango, da a ƙara wa kwano wata hudar. Daf da shiga bangon a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. A yi amfani da wayar sola mai jure rana, mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6, a ɗaure ta a jikin reli. Wadda aka bari tana jan ciki a kan kwano, iska za ta yi ta goga ta har rigarta ta huje. Kowane faranti na ba da wuta mai ƙarfin bolt 40 zuwa 50, takwas a jere sun kusa 400, kuma muddin akwai haske akwai wuta a wayar, ko da inbata, wato na'urar da ke juya wutar farantai zuwa irin ta gida, a kashe take. Relin da firam-firam duka a haɗa su da wayar da ke sauka zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, kuma inda jan ƙarfe zai haɗu da alminiyum a sa maƙalin da aka yi don haka a tsakaninsu.